Ƙofar da Babana Ya Ce Sai Gobe

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau muryata a ƙasa take. Wijdan ce, ta kan duwatsun Ajlun na ƙasar Jordan, wadda kuke ta yi wa tsiya wai ta faɗa son mai gyaran baho. Eh, na faɗa. Sai me? Wadda ba ta san farkon zancen ba ga shi a taƙaice, don na gaji da amsa tambaya ɗaya a akwatin saƙo.

Muna da ɗan gidan hutu a gefen gonarmu ta zaitun, mutanen Amman suna hawowa su kama shi a ƙarshen mako. Ba ɗakunan ne ke jawo su ba. Jakuzi ne, bahon nan na ruwan zafi mai ɓulɓula, wanda babana ya nutsar a tsakiyar wani dandamalin katako da ke leƙen kwari. Da safe gajimare yakan kwanta a ƙasa da mu, tururi yana tashi daga ruwan, sai ki rasa inda tururin ya ƙare gajimaren ya fara. Babana ne ya yi dandamalin da hannunsa, Mama tana miƙa masa ƙusa. Ya yi kyau, wannan ba gardama. Illarsa ɗaya ce: injin da ke juya ruwan yana can ƙarƙashin katakon, gefe an gine da dutse, sama an kafe da ƙusa, ko ɓera sai ya nemi izini kafin ya shiga.

Da zafi ya fara shigowa bana, injin ya kama tari irin na tsoho mai shan taba. Na kira mai gyara daga Irbid, aka turo mini Muhannad. Riga shuɗiya da ta sha wanki, kafaɗu kamar ƙofar gareji, da gashin ido wanda wallahi asara ne a fuskar namiji. Ya zagaya dandamalin, ya sake zagayawa, ya durƙusa ya kara kunne a katako, sannan ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Wane gwani ne ya binne inji da ransa, ko ƙofa bai bar masa ba?" in ji shi. "Wanda ya yi aikin nan kamata ya yi a sa shi a ciki shi ma a kafe."

Babana yana tsaye a bayansa, da tiren shayi a hannu.

"Ni ne gwanin," ya ce, muryarsa a kwance. "Sha shayinka ka kama hanya."

Ya sha kuwa, a tsaye, da zafinsa, har idonsa ya kawo ruwa. Da yamma saƙon ban haƙuri ya shigo wayata. Na amsa da kalma biyu. Ya sake turowa, na amsa da uku. To kun dai san yadda abin yake tafiya. Kafin ɓaure ya nuna a gonarmu, Muhannad yana maganar turo baffanninsa.

A wajenmu in dattawa suka zo neman aure, akan zuba wa babbansu gahawa, ya ajiye kofin a gabansa ba zai sha ba sai uban yarinya ya ce ya bayar. Da na kai wa babana maganar, bai ko ɗago daga daurin tiyo da yake yi ba.

"Kada su wahalar da kansu," ya ce. "Gahawarsu za ta huce a kofi. Wanda zai zo da zarto ya yanka mini katako ba zai zo ya ɗauke mini 'ya ba."

Ga inda muke. Dandamali a kafe, maganar aurena a kafe, duk da ƙusa ɗaya.

Amma kada ku ɗauka zafin baƙar maganar nan ne kawai. Akwai wani abu da ban taɓa gaya muku ba. A lokacin zafi na ƙarshe kafin Mama ta kwanta ciwo, tana sunkuye tana goge bakin bahon, ɗan kunnenta ya zame. Ƙarami ne, na zinariya da ɗigon dutse shuɗi, cikin kayan aurenta. Na ji ƙararsa, ƙil, a kan katako, ya gangara ya shige tsakanin katako biyu. Tun ranar yana can ƙasa. Ɗan uwansa yana wajena, a cikin kwalbar turarenta da ta ƙare. Tun da muka binne Mama, kullum da safe babana yakan ɗauki gahawarsa ya je ya zauna a daidai wurin nan, ya shimfiɗa tafin hannu a kan katakon, ya yi ta kallon gajimare har rana ta kore shi.

Ni kuwa ta tagar kicin nake kallonsa, ina wanke kofi ɗaya har ya kusa hujewa. Wani lokaci sai in ga kamar Mama ce za ta fito daga cikin tururin da tsumma a hannu, ta ce ya ɗaga ƙafa ta goge.

Ranar Talata Amti Intisar ta hawo. Yayar babana ce, kuma ita ce mutum ɗaya a duniya da ke iya ce masa ya yi shiru ya yi. Baƙar doguwar riga mai jan ɗinki a ƙirji, jaka a hammata, tana haki tun daga bakin ƙofa. Ta zauna a kicin ta ja kwanon ganyen inabi gabanta tana naɗewa, ba wanda ya sa ta.

"Amti," ta ce da ni. Haka muke, ina ce mata Amti tana ce mini Amti, kamar yadda nake ce wa babana Yaba shi ma yana ce mini Yaba. "Shekara nawa za ki yi kina wanke zanen gadon baƙi? Sa'o'inki duk suna kai yara makaranta. Ko dai ki lanƙwasa wannan busasshen icen, ko ki bar ni in yi magana da ɗan maƙwabciyata mai kantin magani. Yana da sanƙo, amma sanƙo ba ya hana cefane."

"Amti, ni Muhannad nake so."

"To ai na sani, ba makauniya ba ce ni. Shi ya sa na zo da dabara." Ta sauke murya, ta leƙa taga. "Kin san abin da ke hana ubanki? Tsoro. Tsoro yake a buɗe a tarar babu ɗan kunnen, ruwa ya ja shi ko ƙasa ta shanye. Ke kuma ɗayan yana hannunki. Ranar da aka buɗe, ki shiga da shi a aljihu, ki ɗan shafa masa ƙasa, ki fito ki ce ga shi. Ya yi kukansa ya huta, ke ki yi aurenki."

"Ƙarya ke nan fa."

"Ƙaryar da ta share hawaye ta fi gaskiyar da ta tsone ido. Miƙo mini lemon tsami."

Da ta tafi na zauna a matakala na rubuta wa Muhannad duk abin da ta ce.

Muhannad: Amtinki ta iya shiri. Amma ni ban so.

Ni: Kai ai ba ka son komai sai maganar tiyo.

Muhannad: Ina son ki. Tiyo yana bayanki da nisa.

Ni: Allah ya shirye ka.

Muhannad: Amin. Yanzu ki je gefen ginin dutsen, ta wajen kwari, ki ɗauko mini hoto.

Na je. Dutsen ya yi duhu da laima, har wata koriyar gansakuka ta fara fitowa a tsakaninsa. Na tura masa. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon ɗigon nan suna rawa.

Muhannad: Wijdan, wannan ya wuce tarin inji. Ruwan zafi ne ke yoyo a ciki, kuma ba inda iska za ta shiga ta busar. Katakan da ke kwance a ƙasa suna ɗauke da na sama za su ruɓe. In aka bar shi har sanyi, dandamalin zai zauna gaba ɗaya, har da wurin da babanki yake zama. Ki kashe wutar bahon yau. Ko ba ni ba, a kira wani. Ba don maganarmu nake faɗa ba.

Na kashe wutar. Na kira baƙin ƙarshen mako na ba su haƙuri, wata mata ta wanke ni tas, na ce na gode. Gidan ya yi tsit, sai a lokacin na gane tarin injin nan ya zame mana kamar numfashin wani mutum na uku a gidan.

Washegari da safe ban tsaya a taga ba. Na yafa farin mayafin Mama, na ɗauki kofina na je na zauna kusa da shi. Ruwan bahon ya huce, ba tururi, ganyen zaitun biyu suna yawo a kai.

"Yaba, katakon yana ruɓewa ta ƙasa."

"Wa ya ce?"

"Ka san wanda ya ce. Ka je ka taɓa dutsen da hannunka."

Bai je ba. Ina jin ya riga ni gani. Ya juya kofinsa a hannu, ya ce, "Za mu duba gobe."

Ku da kuka san babana a rubutuna kun san gobensa. Gobe za a gyara ƙofar gona, gobe zai je likitan gwiwa. Raina ya ɓaci, na ce, "Amti ta ce tsoro kake ji kada a tarar babu ɗan kunnen."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Intisar tun muna yara take fassara mafarkin da ba ita ta yi ba." Ya ɗora tafinsa a kan katakon. "Ba zinariyar ba ce, Yaba. Tun ranar da muke kafa katakon nan uwarki ta ce, Abu Wijdan, ka bar wa abin nan ƙofa. Na ce ƙofa za ta ɓata layin katako. Da ɗan kunnenta ya faɗa ta ce, to yanzu fa? Na ce gobe. Tana kwance a asibiti ta taɓa kunnenta ta dube ni tana murmushi, na ce da kin dawo gida. Ita da ta roƙe ni ban buɗe mata ba. Sai in buɗe wa wani yaro daga Irbid don ya iya baƙar magana?"

Na so in rungume shi. Na kuma so in girgiza shi har haƙoransa su haɗu. Bakina ya riga zuciyata.

"Mama ta roƙe ka ka ce gobe. Ni ma goben za ka ba ni?"

Da na faɗa sai na ji tsoro. Bai dube ni ba. Gajimaren da ke cikin kwari yana ta yayyagewa a hankali, rufin gidajen ƙauyen ƙasa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Har na miƙe zan tafi.

"Kira shi," ya ce. "Amma ki gaya masa, in na ga zarto a hannunsa, daga bakin ƙofa zai juya."

Ranar Alhamis na sa kaya na cire, na sa na cire, kamar mai zuwa biki. Daga ƙarshe na tsaya a kan tsohon wandon aikin gona da doguwar riga ruwan toka, amma na ja kwalli, don ni ma ba waliyyiya ba ce. Kafin in fita na buɗe kwalbar turaren Mama. Na juye ɗan kunnen a tafina, na daɗe ina kallonsa. Na sa shi a aljihu.

Muhannad ya zo da farar riga a goge, kamar mai zuwa sallar Juma'a, da tiren kunafa, kayan zaƙin nan mai cuku, a hannu ɗaya, akwatin aiki a ɗayan. Ya buɗe akwatin a gaban babana kamar a shingen sojoji, yana kiransa Ammi, wato baffa, don girmamawa.

"Babu zarto, Ammi. Duba da kanka."

"Na ga ka koyi sallama. To yaya za ka yi ƙofa ba yanka, gwani?"

"Ba za mu yanka ko ɗaya ba. Katakanka huɗu da ke saman injin za mu ɗaga ɗungurungum, mu haɗe su ta ƙasa da wasu gajeru, mu sa hinji a gefe da zoben ƙarfe da zai kwanta a ciki ba ya tuntuɓe. In an rufe, layinka yana nan yadda ka ja shi. Sai dai ni ban san inda ƙusoshinka suke ba, ka ɓoye kawunansu. In na ɓanɓara da ka, zan tsaga katakon."

Babana ya dube shi sama da ƙasa. Sannan ya miƙa hannu, Muhannad ya ɗora masa ƙarfen cire ƙusa.

Na zauna a bakin bahon da muka zubar da ruwansa, ina kallonsu. Rana tana ratsowa ta cikin zaitun, ƙurar katako tana yawo a cikin hasken, ƙanshin itace mai laima yana tasowa. Kowace ƙusa in ta fito sai ta yi ɗan kuka. Babana yana cirewa yana miƙa wa Muhannad, shi kuma yana jera su a murfin kwalba, bai yar da ko lanƙwasasshiya ba. Na lumshe ido na ga wata rana can gaba, yara suna gudu a kan katakon nan, babana yana daka musu tsawa, wani mai faɗin kafaɗa yana dariya. Na buɗe ido da sauri kada wani ya gani a fuskata.

"Riƙe nan da kyau, hannunka kamar na mai ciwon shan inna."

"Na riƙe, Ammi."

"Uban wa ya koya maka riƙon guduma?"

"Wani gwani ne a Irbid. Shi ma ba ya son ƙofa."

Na rantse na ga gefen gashin bakin babana ya motsa.

Da suka ɗaga katako na ƙarshe, wani ɗumi mai warin laima ya bugo mu. Muhannad ya sake tabbatar wa kansa wuta a kashe take, ya zura ƙafa zai sauka tsakanin katakan ƙasa guda biyu, sai kafaɗun nan da nake ta yi muku alfahari da su suka ce ba inda za su. Ya juya ta gefe, ya riƙe numfashi, farar rigarsa ta kwashi baƙi. A banza.

"Kunafa ta yi yawa," in ji babana.

"Ni zan shiga," na ce.

Ƙasan ya fi yadda na zata zurfi, don dutsen gangare ne, har ina iya zama ba tare da kaina ya taɓa sama ba. Haske yana saukowa ta tsakanin katako layi-layi, yana kwanciya a hannuna da gindin bahon da tiyo. Ruwa yana ɗiga daga wata mahaɗa, ɗis, ɗis, ya yi ɗan tafki. Sautin duniya duk ya koma nesa. Na kunna fitilar waya na fara lalube. Na bi ƙarƙashin tsagar da ɗan kunnen ya shige, na tona ƙasar da yatsa, na ɗaga duwatsu, na leƙa bayan inji. Na samu murfin kwalba, da tsinken gashi na wata baƙuwa, da ƙwallon yara na gilashi. Na sake bi daga farko.

Babu shi.

"Yaba?" Muryar babana ta sauko daga sama, siririya. "Kin gani?"

Hannuna yana cikin aljihu. Ɗan kunnen ya yi ɗumi da jikina, ƙasa mai laima tana nan a ɗaya hannun, shafawa ɗaya ce ta rage. Ina jin muryar Amti a kunnena. Ina son Muhannad har cikin ƙashina, kuma ga hanya a tafina. Amma na ɗaga kai na ga fuskar babana a bakin ƙofar, sararin sama a bayansa, sai na kasa.

"Babu, Yaba. Na duba ko'ina."

Na ce a raina shi ke nan, na kashe aurena da bakina, gobe Amti za ta kawo mini mai sanƙo. Hawaye suka zubo, na bar su, ai ba mai gani a nan.

Sai hasken ƙofar ya toshe. Takalmi ya leƙo, sannan ƙafa, sannan gwiwar nan mai ciwo. Babana ya rame tun rasuwar Mama, ya zame tsakanin katakan ba ko gogawa, Muhannad yana riƙe da hammatarsa yana cewa a hankali, Ammi, a hankali. Ya zauna kusa da ni a ƙasa, yana numfashi. Ya ɗaga kai yana kallon ƙasan katakonsa, layin haske ya raba fuskarsa biyu.

"Ashe haka yake ta ƙasa," ya ce. "Ƙofar da ta roƙe ni, aikin rabin yini ce."

Ya shafa ƙasar da tafinsa, kamar yadda yake shafa katakon da safe. Mun daɗe a haka, ruwa yana ɗiga.

"Na aljihunki kuma," ya ce, bai ko juyo ba, "fito da shi ki sa a kunne. Intisar ta kira ni jiya wai in yi kamar ban gane ba. Matar nan ko asirin kanta ba ta iya riƙewa."

Dariya da kuka suka haɗe mini. Na kasa samun hujin kunnena, shi ya karɓa ya sa mini, da yatsunsa masu kaushi da warin tsatsa.

Sannan ya ɗaga murya. "Kai, ɗan Irbid."

Fuskar Muhannad ta leƙo a kife, gashinsa yana reto. "Na'am, Ammi."

"Wannan katakon na ƙasa ya fara laushi, kuma kai ba za ka taɓa wucewa ta nan ba. Juma'a mai zuwa ka zo da zartonka. Guda ɗaya za ka yanka, ka tallafe shi ta gefe biyu, ina tsaye a kanka." Ya yi gyaran murya. "Ka taho da baffanninka, tunda na ga ba ka iya aiki kai kaɗai."

Muhannad ya ƙara leƙowa. Jini ya taru masa a fuska, ban sani ba ko don kansa a kife yake.

"Ammi," ya ce a hankali, "in sun zo, za su sha gahawar?"

Ina kallon bakin babana, kuma wallahi na ga kalmar ta taho, na ga leɓɓansa sun tattaru za su ce gobe, yadda suka saba shekara da shekaru. Ya tsaya. Ya dubi kunnena mai ɗan kunne ɗaya, ya haɗiye ta.

"Ka ce musu kada su bari ta huce," ya ce. "Yanzu miƙo hannu ka fitar da 'yata daga ramin nan."